Tarihin Alhaji Alhassan Ɗantata da Abin da Babban Gidan Ciniki Ke Bar wa Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki, Ya sanya arzikin bayinSa a hannun junansu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, ku sani mutanen wannan zamani suna yawan magana a kan abin da suke kira ci gaba mai ɗorewa, watau arzikin da ƙasa za ta samu yau ba tare da ta cinye rabon jikokinta ba. Suna kuma tambaya, shin manyan kamfanoni suna da hannu a cikin wannan, ko kuwa ribarsu kaɗai suka sani? Mun ga ya kyautu mu auna wannan mas'ala da rayuwar mutum guda wanda duk ɗan kasuwa ya san sunansa, shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, Allah Ya jiƙansa.

Fasali na farko, asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a garin Bebeji cikin ƙasar Kano a shekarar 1877, daidai da 1294 ta Hijira. Zuriyarsu Agalawa ne, waɗanda tun kaka da kakanni ba su da sana'ar da ta wuce fatauci. Sunan mahaifinsa Madugu Abdullahi, mahaifiyarsa kuwa ana kiranta Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Yana da shekara kamar takwas mahaifin ya rasu. Amarya ta tashi ta koma Akara ta ƙasar Gwalkwas, wadda yanzu ake kira Gana, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, daga gare ta kuma ya samo laƙabin Ɗantata. Ku dubi ikon Allah, sunan da ya cika ƙasashe yau sunan baiwa ne wadda ta riƙi amanar marayu.

Ya yi karatun allo a Bebeji kamar kowane almajiri, yana karatu yana neman abin kai wa baki. A nan ya koyi tsimi da tanadi, halin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Yana saurayi sai Yaƙin Basasa ya tashi a 1893, bayan rasuwar Sarkin Kano Bello, tsakanin ɗansa Tukur da Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi. Agalawa suka bi Tukur, Allah kuwa Ya ba Yusufawa nasara. Aka washe dukiyar Agalawa, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Saboda haka kada wani ya zaci gadon dukiya ya tarar. Abin da ya gada shi ne sanin hanya da sanin mutane.

Fasali na biyu, fataucin goro

A wancan lokaci babban fataucin Hausawa shi ne na Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a bi zango zango wata biyu ko uku kafin a kai, a sayo goron ƙasar Asante a juyo. Goro kuwa kaya ne mai shagwaɓa. Sai an naɗe shi da ganye a huhu, ana kwancewa ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa ruwa, ga kuɗin fito a bakin kogi, ga 'yan fashi a daji. Duk kwanan da aka ƙara a hanya hasara ce.

Alhassan ya je Akara wurin mahaifiyarsa, ya ga teku, ya ga jiragen ruwa na Turawa suna zirga-zirga tsakanin Akara da Ikko. Da ya kama fatauci na kansa, sai ya zama yana cikin mutanen Arewa na farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, wajen shekarar 1906. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, jari ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ya haɗa da cinikin duwatsun ado da yadin Turawa. Kafin gyaɗa ta yi daraja ya riga ya tara jari, ya kuma tara yara da wakilai a garuruwa. Waɗannan yaran su ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Fasali na uku, zuwan jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, zamanin da aka naɗa Sarki Abbas. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga kaya a 1912. Burin Turawa shi ne auduga, don masaƙun ƙasarsu. Amma masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai biya, saboda haka manomi bai ga dalilin kai masa ba. A daidai lokacin nan kuwa masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe, don yin sabulu da wani irin man shafa wa burodi. Gyaɗa ta dace da jigawar ƙasar Kano, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta faɗi kuma ana iya cinta.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Dole suka nemi fataken goro. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa gyaɗa. Wannan kamfani shi ne Lever Brothers na Ingila suka saye a 1920, kāna a 1929 aka haɗe shi da wani ya zama U.A.C. Alhassan, wanda a lokacin ya riga ya zauna cikin birnin Kano, ya zama babban mai kawo musu kaya, har ba wani ɗan ƙasa da ya kama ƙafarsa.

Ga yadda aikin ke tafiya. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya haɗa da nasa ya rarraba wa yaransa. Kowane yaro ya ɗauki sikeli da buhuna ya kafa a kasuwar ƙauye, yana da nasa ƙananan yara masu shiga lungu. Gyaɗa ta taru, a ɗoro ta a jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, zuwa bakin tasha. Ta haka kuɗin da ya fito daga Ingila ya ratsa hannun manomi da mai ɓarar gyaɗa da ɗan dako da mai jaki da mai ɗinkin buhu. Manomi ya biya haraji, ya yi aure, ya sayi tufa. Yaron da ya riƙe amana shekara biyar ko goma sai ya tsaya da ƙafarsa, ya zama maigida, ya tayar da waɗansu.

Malamai sun san irin wannan mu'amala ana auna ta da babi biyu na fiƙihu, kamar yadda suka zo a Risala da Muhtasar. Na ɗaya ƙiradi, wani ya ba da jari wani ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko, hasara kuwa ta mai jari ce muddin ba a yi sakaci ba. Na biyu salam, a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san mudu, a san siffar kaya, a san ajali. In an kiyaye waɗannan sharuɗɗa, jarin attajiri rahama ne ga talaka. In an tauye sikeli, ko an ba manomi kuɗi cikin yunwar damina a kan rabin kimar amfaninsa, to ya zama zalunci ko da an kira shi taimako. Manoma sun sha kuka da irin wannan a kasuwannin gyaɗa, kada mu ɓoye.

Fasali na huɗu, ɗaukakarsa da halayensa

Ya sauke farali ta jirgin ruwa a farkon shekarun 1920. Bayan bankin Turawa mai suna Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, labari ya shahara cewa Alhaji Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. A shekarun 1940 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowane ɗan ƙasa dukiya a Afirka ta Yamma. Duk da haka an san shi da sauƙin kai da ƙin almubazzaranci, da lura da lissafi da kansa, da ciyar da mabukata. Bai tsaya ga gyaɗa kaɗai ba, ya riƙe goro da shanu da tufafi da gidaje. A ƙarshen rayuwarsa an sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, alhali shi ba ɗan sarauta ba ne.

A zamaninsa ne dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. Dalilin yinta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe amfanin shekara, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ƙarancin tarago da injuna. Sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama, dala guda takan ci buhu wajen 15,000, a lulluɓe ta da tamfal tana jiran jirgi.

Da ya ji ajali ya gabato, ya tara 'ya'yansa da wakilansa ya yi musu wasiyya da haɗa kai, kada su bari gidan ciniki ya watse. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, a ƙarshen Zulhajji na 1374, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari.

Fasali na biyar, abin da ya tafi da abin da ya saura

To, yanzu sai mu yi hisabi. Tun farko gyaɗa ta zo da gargaɗinta. Ruwa ya ɗauke a 1913, aka yi muguwar yunwa a 1914, mutane suka gane sule ba ya maye gurbin damin gero a rumbu. A 1929 da shekarun da suka biyo kasuwar duniya ta karye, farashi ya faɗi warwas, haraji kuwa yana nan, domin a Turai ake yanka farashi, manomin Kano ba shi da ta cewa. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, ita ke yanka kuɗin da za a ba manomi, sau da yawa ƙasa da na kasuwar duniya, rarar ta shiga ayyukan gwamnati. A shekarun 1960 Nijeriya tana kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Sa'an nan man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, fari ya zo a 1973, wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta cinye gonaki a 1975, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Yau ba sauran dala ko ɗaya a Kano. Kamfanonin da suka kwashi gyaɗa shekara sittin sun fi kai ta waje ɗanya, babbar ribar matse mai da dafa sabulu ta tsaya a ƙasarsu.

Amma gidan da Alhaji Alhassan ya kafa bai tafi da gyaɗa ba. Ɗansa Ahmadu ya riƙe shi har ya rasu a 1960. Sanusi ya shahara a gyaɗa da sufuri da tayar da yara kamar mahaifinsa. Mamuda ya kama aikin jigilar alhazai, daga sunan kamfaninsa ne aka samo Wapa ta Fagge. Aminu ya shiga gine-gine da masana'antu, ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina. Ta wajen Mariya 'yar Sanusi kuma aka sami Aliko Ɗangote, wanda ya tashi daga sayo kaya ya koma yin siminti da sukari da tace man fetur a cikin ƙasa. Bayan waɗannan akwai gidajen attajirai da yawa a Kano da ƙauyukanta waɗanda kakanninsu yaran sikeli ne a gidan Ɗantata.

Fa'idar wannan tarihi ke nan. Babban kamfani yana raya ƙasa gwargwadon yawan mutanen da ya mayar masu jarin kansu, da gwargwadon aikin da ya bari a yi a gida, da adalcin sikelinsa ga wanda ya noma. Kayan da aka tara, ko sun kai tsawon Dala da Goron Dutse, jirgi ɗaya bayan ɗaya zai kwashe su. Kai attajiri, ƙirga yaran da ka yaye kamar yadda kake ƙirga ribarka, kada kuma ka rataye garinku duka a kan haja guda. Kai kuma malam, karanta wa almajiranka babin ciniki da kyau, domin da yawansu kasuwa za su, shi ma wannan bawan Allah daga gaban allo ya tashi.

Allah Ya gafarta masa, Ya saka wa Tata da alheri bisa riƙon marayu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, Ya tsare mu daga tauye mudu da cin riba. Amin. Wassalamu.