Yakubu Nabame: Ɗan Sarkin Kabi da ya girma a fadar Sakkwato

A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarki Muhammadu Hodi ya fice da jama'arsa. Tun daga lokacin aka riƙa jera Kabawa cikin Haɓe, kalmar Fulatanci mai nufin waɗanda ba Fulani ba. Sannu a hankali kalmar ta ɗauki nauyin zargi, har ta koma nufin mutanen da ake shakkar addininsu, alhali sarakunan Kabi sun daɗe a cikin Musulunci, kuma a cikin almajiran Shehu kansa akwai irin su Abdussalami, wanda Ba'are ne.

Cikin wannan zamani Yakubu Nabame ya taso. Mahaifinsa, Sarkin Kabi Karari, ya ƙi yin mubaya'a, aka kashe shi a 1831. Aka kai Yakubu gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi kuwa ya bar shi da ransa, ya riƙe shi a fada. Ya yi kusan shekara 18 a can, ya fita yaƙi da Gobirawa ƙarƙashin tutar Sakkwato. Masana tarihin Kabi sun ruwaito cewa a fagen fama ya ceci ran Umaru, ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, dalilin da ya sa aka ba shi izinin komawa gida.

A 1849 ya yi tawaye, ya kafu a Argungu, ya haɗa kai da Arawa da Zabarmawa da Dendawa. Ya rasu a fagen daga a 1854, amma magadansa suka ci gaba, har aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867.

Da Turawan Ingila suka zo, sai suka ƙara wa rabon launin fata. Lugga da muƙarrabansa suka ɗauki Fulani a matsayin jinsi mai hasken fata da aka halitta don mulki, Haɓe kuwa talakawan da za a mulka. Argungu ta ƙaryata wannan lissafi, domin sun same ta da sarkinta Sama'ila, ba ta ƙarƙashin Gwandu ko Sakkwato.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, gabar gidajen biyu ta zo ƙarshe shekara 80 bayan rasuwar Nabame. Allah Ya jiƙan mazan jiya.