Muhammadu Rumfa, Sarki Mai Ƙofofi

Mutanen Ingila suna alfahari da ƙofofin dutse da kakanninsu suka gina a gaban gidajen manya, har sun kafa doka kada a rushe su. To, mu ma muna da namu, ko da yake na ƙasa ne. Ga labarin wanda ya gina waɗansunsu.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne. Ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, ya zauna a kai har 1499. An ce kafin ya yi sarki a Gidan Makama yake zaune, wanda yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Da ya ga birni ya yi wa jama'a kaɗan, sai ya ƙara faɗin ganuwa ta wajen kudu da gabas, ya fitar da sababbin ƙofofi, cikinsu har da Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa. A cikin filin da ya samu nan ya gina fada, wadda har yau Gidan Rumfa ake kiranta. Ya kewaye ta da katanga mai tsawo, ya jera zauruka, yadda baƙo ba ya isa gaban Sarki sai ya wuce ƙofa bayan ƙofa, zuciyarsa ta cika da kwarjini.

Ba gini kaɗai ya yi ba. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya naɗa majalisar Tara ta Kano, ya fara kakaki da figini. A zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya yi shekara 11 yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya ci wani.

Gidan nan ya wuce shekara 500 yana tsaye, don kuwa kowane zamani ana yi masa yaɓe. Amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa a madadinta.

'Yan'uwana, mu da muke karatu a Kaduna, garin da bai gāji ganuwa ba, gobe mu ne malaman yara. In ba mu koya musu darajar waɗannan ƙofofi ba, wa zai hana a rushe sauran? Allah ya jiƙan Rumfa, amin.