Edward Angle: Likitan Da Ya Mayar Da Gyaran Jerin Haƙora Fanni Mai Zaman Kansa

Duk likitan haƙori da ya duba bakin yaro a yau, a Najeriya ko a wata ƙasa, ya ce matsalar cizonsa ta aji na ɗaya ce, ko na biyu, ko na uku, to da ma'aunin Edward Hartley Angle yake aiki, wani Ba'amurke da ya rasu tun 1930.

An haifi Angle ranar 1 ga Yuni, 1855, a wata gona da ke Herrick a jihar Pennsylvania. Tun yana ƙarami hankalinsa ya fi karkata ga ƙere-ƙere da gyaran kayan gona fiye da karatun aji. Ya koyi aiki a hannun wani likitan haƙori, sannan ya kammala kwalejin likitancin haƙori a birnin Philadelphia a 1878, ya buɗe wurin aiki a garin Towanda. Ba a jima ba tarin fuka ya kama shi. Neman lafiya ya kai shi jihar Montana inda ya zuba jarinsa a kiwon tumaki, sai wani matsanancin sanyi ya halaka garken. Haka ya koma Minneapolis hannu rabbana, ya sake rungumar sana'arsa, har ya fara koyarwa.

A wancan zamani gyaran karkatattun haƙora aiki ne na gefe. Kowane likita da irin na'urar da yake harhaɗawa, kuma abin da aka fi damuwa da shi shi ne haƙoran gaba su yi kyan gani. Angle ya ce ba nan gizo ke saƙa ba. A wurinsa abin dubawa shi ne yadda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa idan an rufe baki, domin a kan wannan haɗuwa tauna ta dogara.

A 1899 ya wallafa rabe-rabensa a mujallar Dental Cosmos. Ya ɗauki turmin farko na dindindin a muƙamuƙin sama, wanda ke fitowa yaro yana kimanin shekara shida, ya mai da shi ma'auni. Idan turamen sama da na ƙasa sun zauna daidai amma sauran haƙora sun cunkushe ko sun hau juna, aji na ɗaya ke nan. Idan na ƙasa ya ja baya, abin da kan sa haƙoran gaba na sama su turo waje, aji na biyu. Idan kuwa na ƙasa ya zarce gaba, haɓa ta fito, aji na uku. Sauƙin tsarin ne ya sa ya ɗore, ko da yake masana sun daɗe suna nuna cewa bai kula da faɗin muƙamuƙi ko zurfin cizo ba.

Game da musabbabi, Angle ya ɗora yawancin laifin a kan abubuwan da ke faruwa bayan haihuwa: tsotsar yatsa, numfashi ta baki saboda toshewar hanci, da faɗuwar haƙoran yarinta kafin lokacin famfara, wanda ke ba maƙwabtansu damar mamaye gurbin. Gado kuwa bai ba shi muhimmanci sosai ba, kuma a nan binciken baya ya saɓa masa, domin girman muƙamuƙi da na haƙora suna bin jini ƙwarai.

A 1900 ya buɗe makarantarsa a St. Louis, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da ta keɓanta ga wannan fanni, kuma shi ya jagoranci kafa ƙungiyar ƙwararrunsa ta Amurka. Ya yi ta ƙera na'urori yana sauya su, har a ƙarshen shekarun 1920 ya fito da wadda ta fi shahara: ƙananan maƙalai a kan kowane haƙori, da waya mai kusurwa huɗu da ke shiga ramin maƙalin, ta yadda likita zai iya juya haƙori har saiwarsa. Wayar haƙora da ake gani a bakin matasa a yau jikar wannan ce.

Sai dai mutum ne mai kafiya, wanda ba ya ɗaukar musu ko daga ɗalibansa. Ya yi imani cewa baki na iya ɗaukar haƙora 32 cif, kuma idan aka jera su daidai ƙashi zai girma ya tallafe su, don haka ya haramta cire lafiyayyen haƙori don samar da fili. Calvin Case na Chicago ya ƙalubalanci wannan ra'ayi, aka yi zazzafar muhawara a 1911, ɓangaren Angle ya yi rinjaye na tsawon shekaru. Majinyata ne suka ɗanɗana kuɗarsa, domin da yawa haƙoransu sun koma gidan jiya bayan an cire waya.

Angle ya rasu a Pasadena ta jihar California ranar 11 ga Agusta, 1930, yana da shekara 75. Matarsa Anna Hopkins, wadda ta fara a matsayin sakatariyarsa kafin ita ma ta karanci likitancin haƙori, ta ci gaba da riƙe ɗalibansa, kuma mujallar The Angle Orthodontist da aka kafa da sunansa tana fitowa har yau.

Shekara goma bayan rasuwarsa, ɗaya daga cikin ɗalibansa na ƙarshe, Charles Tweed na jihar Arizona, ya baje wa abokan aikinsa sakamakon majinyata 100 da ya sake yi wa aiki bayan ya cire wa kowannensu haƙora huɗu. Da na'urar malamin nasa ya yi aikin.