Carl Sagan

Carl Edward Sagan (9 ga Nuwamba 1934 – 20 ga Disamba 1996) masanin taurari ne ɗan Amurka, malami a Jami'ar Cornell. Yana cikin tawagar Mariner 9, kumbon da ya aiko da hotunan tsaunuka da kwazazzaban duniyar Mars a 1972. Irin waɗannan hotuna sun ja hankalin jama'a, amma kuɗin binciken duniyoyi na raguwa. Don nuna wa gwamnati goyon bayan jama'a, shi da Bruce Murray da Louis Friedman suka kafa ƙungiyar Planetary Society a 1980. Bisa roƙonsa, kumbon Voyager 1 ya ɗauki hoton duniyarmu a 1990 daga nisan kimanin kilomita biliyan 6, inda ta fito kamar ɗigo.