Frederick Banting: likitan da ya sayar da haƙƙin insulin kan dala ɗaya

Kowace 14 ga Nuwamba duniya na tunawa da masu ciwon sukari. An zaɓi ranar ne domin ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, likitan ƙasar Kanada da aka haifa a garin Alliston a 1891.

Banting ya yi karatun likita a jami'ar Toronto, ya yi aiki da soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka ji masa rauni a Faransa a 1918. Da ya dawo gida ya buɗe ɗan asibitinsa, amma marasa lafiya ba su zuwa. A wancan zamani yaron da ciwon sukari ya kama ba ya daɗewa a duniya, ba a da abin yi masa sai takura masa abinci.

A watan Mayu na 1921 Farfesa John Macleod ya ba shi ɗakin bincike da ɗalibi mai suna Charles Best. Suka riƙa tatso wani ruwa daga pankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, suna yi wa karnuka allurarsa, sukarin jininsu na sauka. Masanin sinadarai James Collip ne ya tace ruwan har ya dace da jikin mutum. A Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar, ya farfaɗo.

Sai dai gano magani daban, wadatar da jama'a da shi daban. Abin da jami'ar ke iya haɗawa bai isa ko marasa lafiyar Toronto ba, ga iyaye na ta aiko wasiƙun roƙo. Dole jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka a 1922. Ma'aikatan kamfanin suka gano dabarar tace insulin mai yawa daga pankiriyas na shanu da aladu da ake tarowa daga mayanka, ya shiga kasuwa a 1923.

A shekarar ce Banting da Best da Collip suka miƙa wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin kan dala ɗaya kowanensu, don kada wani ya riƙe shi shi kaɗai. A shekarar ce kuma aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya ji haushin barin Best a waje, ya raba kuɗinsa biyu da shi. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Newfoundland a watan Fabrairun 1941, yana da shekara 49.

Hanyar da aka bi a kansa ita masana'antar fasahar halittu ke bi har yau: bincike a jami'a, rajistar haƙƙin mallaka, lasisi ga kamfani, sannan kasuwa. A 1978 ƙaramin kamfanin Genentech ya sa ƙwayoyin bakteriya suka ƙera insulin irin na ɗan Adam, Eli Lilly ya karɓi lasisi, hukumomin Amurka suka amince da shi a 1982 da sunan Humulin.

Yau kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, su ke riƙe da mafi yawan kasuwar insulin ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kusan rabin manya masu nau'i na biyu na ciwon da ke buƙatar insulin ba su samun sa, kuma tsada na cikin manyan dalilai.