Musa Ɗanƙwairo Maradun: Yadda Aka Koyi Kotso Ba Allo Ba Takarda

Duk Bahaushen da ya daɗe a Abijan ya san muryar nan. Tana tashi daga rumfar mai tsire a Ajame, daga shagon tela a Tireshbil, daga motar direban da ke jiran lodi. Da can a kaset ake jin ta, yanzu ta koma cikin waya. Siririya ce mai zaƙi, ga kotso na bin ta a hankali, ga 'yan amshi na cafe magana tun kafin ta kai ƙasa. Muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun ke nan, Allah ya jiƙansa. Mutanen Tawa da Ƙonni da Dogondutsi da Maraɗi ba sa neman mai yi musu fashin baƙi in yana waƙa, don Hausarsa ta yamma ce, irin wadda suka taso da ita.

An sha ba da labarin sarakunan da ya yi wa waƙa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda aka koya masa sana'ar, da yadda shi ma ya koyar. Kuma wannan ya shafe mu a nan, inda yaro mai son kiɗa sai dai a nemo masa malamin jita ko na piyano da ake biya a wata, alhali masu kalangun da ke zuwa bukukuwanmu furfura ta fara cin ƙarfinsu.

An haifi Musa wajajen 1909 a ƙasar Bakura, cikin Zamfara ta yau. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma makaɗi ne. Asalin kiɗan gidan na noma ne, daga baya uban ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, kotso ya zama abin kiɗan gidan. Wato yaron ya buɗe ido ya ga ganguna rataye a ɗaki kamar yadda ɗan maƙeri ke buɗe ido ya ga uwar maƙera da zuga-zugi. Yana da shekara shida zuwa bakwai ya fara bin ubansa wurin kiɗa.

Sunan da duniya ta san shi da shi ma a wannan makarantar ya samo shi. Cikin mutanen Ɗankwanda akwai wani mai suna Ƙwairo, mai daɗin murya. Da yaron ya fara sa baki cikin amshi, aka ji muryarsa ta ɗauko ta wancan, sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Suna ya bi shi har kabari. Ka ga tun nan an nuna inda koyo yake farawa a gidan kiɗa: daga kunne da baki, hannu sai daga baya.

Kiɗan noma, wanda shi ne tushen gidan, makaranta ce mai zafi. Ranar gayya makaɗi ba ya zama a inuwa. Yana bin manoma kunya-kunya cikin rana, kowane gwanin noma da takensa, kuma dole kiɗa ya zo daidai da faɗuwar garma. In ka yi sauri ka gajiyar da mutane, in ka yi sanyi gayya ta mutu. Yaron da ya taso cikin wannan ya san awon kiɗa a jikinsa tun bai san sunansa ba. Har ƙarshen rayuwarsa Ɗanƙwairo bai yar da waƙar noma ba, kuma shi kansa manomi ne.

To shi kotson fa? Da yawa cikin matasanmu na nan ba su taɓa ganinsa da ido ba, sai dai a hoto. Yana kama da kalangu wajen siririn ƙugu, amma baki ɗaya kawai ake rufe masa da fata, ɗayan a buɗe yake. Ana rataya shi a kafaɗa, a kaɗa shi da hannu, ba a sa masa makaɗi. A tsakiyar fatar akan liƙa danƙo don sauti ya yi zurfi, sannan akwai tsarkiya da ake matsawa ko a sassauta, murya ta hau ko ta sauka. Kiɗan fada ne, ɗan'uwan taushi da jauje da banga, ba a kai shi dandali don 'yan mata su taka.

Yadda ake koyon irin wannan ganga a gidajen gado kusan ɗaya ne daga Sakkwato har Katsina har Gobir. Yaro yana farawa da ɗaukar kaya. Shi ke riƙe ganga in ana tafiya, shi ke shanya ta in fata ta yi sanyi, shi ke kallon manya suna jiƙa fatar akuya suna ɗaurawa, suna jan tsarkiya, suna gyara danƙo. Kafin a yarda ya kaɗa a gaban jama'a ya riga ya san ciwon ganga da maganinta. Wanda ya taɓa kawo kalangu Abijan ya ga yadda raɓar bakin teku ke sa fata ta saki zai gane cewa wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Sannan yana amshi, shekara da shekaru, har gindin kowace waƙa da ɗiyanta su zauna masa a ka. In ya ɗauki ganga a bayan gida yana ƙwanƙwasawa ba mai hana shi, ba kuma mai zaunar da shi ya ce yau darasi na ɗaya. Gyara kan zo ne a cikin aiki: harara, ko tsawa, ko babba ya karɓi gangar ya kaɗa wurin da aka ɓata sau ɗaya ya miƙo.

Akwai dalilin da ya sa baki ke riga hannu. Gangar Bahaushe magana take yi. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kuma take ba komai ba ne illa magana da aka ɗora wa ganga. Mai koyo sai ya iya faɗin taken da bakinsa daidai, ya san na wane ne, ya san abin da yake nufi, sannan ya nemi yadda yatsu da tsarkiya za su faɗe shi. Wanda bai ji Hausa sosai ba zai iya fitar da amo mai daɗi, amma dattijon da ke zaune a fada ba zai ji an kira sunan kakansa ba.

Da Ɗankwanda ya rasu, jagorancin kiɗan gidan bai faɗo hannun Musa ba. Wansa Kurna ne ya gaji uban, shi kuma Musa ya zama daudun kiɗi, wato mataimaki. Ƙungiyar makaɗan fada tana kwaikwayon fadar da take yi wa aiki: akwai jagora, akwai na biye da shi, akwai 'yan amshi da ke riƙe da ganguna, akwai sanƙira mai kirari da sanar da kyauta. Kowa ya san wurinsa. Mutum mai irin muryar Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana tsaye a bayan wansa yana karɓa masa, kafin ya kai ga jan tasa ƙungiyar. A yau yaro kan koyi kiɗa wata shida ya shiga situdiyo. Shi kuwa sai da ya manyanta sunansa ya fita daga Zamfara.

Fitar kuwa ta zo ne a zamanin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Waƙar Mai Dubun Nasara da ya yi masa ita ta kai shi kunnen duk wanda ke da rediyo, kuma gidan rediyon Kaduna ya ɗauki muryarsa ya tsallaka da ita iyakoki, har zango-zango na bakin teku. Bayan kisan Sardauna a Janairun 1966 bai rasa iyayen gida ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙi da dama, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero, da sarakunan Zazzau, da masu sarauta da attajirai da ba su lissaftuwa a nan.

Amma a saurari waƙoƙin nan da kunnen mai neman sanin koyarwa. Abin da ya fi burge ni a cikinsu 'yan amshin ne. Ba maimaita gindi kawai suke yi ba. Ɗanƙwairo kan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su ƙarasa masa. Wani lokaci su kasu biyu, waɗannan su ɗauka waɗancan su karɓe, abin da masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ke kira ƙari da karɓeɓeniya. Duk wannan kuma hannuwansu na kan kotso. Mutum yana kiɗa, yana waƙa, yana sauraron jagora don kada ya canza hanya bai sani ba. Ba a samun irin wannan haɗin baki da atisayen mako biyu. Sai mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya, suka yi tafiya a bayan mota ɗaya, suka san numfashin juna. Cikin masu amshin nan har da 'ya'yansa, waɗanda ya raina a sana'ar kamar yadda aka raine shi.

Kada a ɗauka duk manyan makaɗan Hausa ta wannan ƙofar suka shigo. Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, ɗan ƙasar Maradun ne shi ma, kuma gadon kotso ya yi. Narambaɗa na Isa ta wajen uwa kotso ya zo masa. Mamman Shata kuwa bai gada ba sam, ya kutsa ne da ƙarfin baiwa, ya bar wa makaɗansa kalangu shi ya riƙe waƙa. Ɗanmaraya Jos shi kaɗai yake tafe da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya. Mata ma da tasu makarantar a tsakar gida, ta ƙwarya da shantu, wadda ta fitar da Barmani Coge. Sai dai kiɗan fada, mai buƙatar mutum biyar ko shida su zama baki ɗaya, da wuya ya tsayu ba tare da gida a bayansa ba.

Maƙwabtanmu Julawa sun san wannan tsari sarai. Gidajen Jabate da Kuyate haka suke miƙa kora da balafon daga uba zuwa ɗa. A ɗaya gefen kuma Abijan ta daɗe da makarantar takarda. Boncana Maiga, wanda ya yi karatun kiɗa a Kyuba, ya koyar a nan garin a shekarun 1970 ya kuma jagoranci makaɗan gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ga kuma INSAAC a Kokodi tana yaye ɗalibai. Malaman da ke bi gida-gida ko suke karɓar yara a ɗan ɗakinsu sun rabu tsakanin hanyoyin nan biyu: wani sai yaro ya iya karanta do-re-mi a takarda kafin ya taɓa kayan kiɗa, wani kuma ya ce a fara da waƙar da yaron ke so, a kama ta da kunne. Abin mamaki, ɗaya daga cikin fitattun hanyoyin koyar da goge irin na Turawa a duniya, wadda Shinichi Suzuki na Japan ya shimfiɗa, ta ginu ne a kan cewa yaro ya koyi kiɗa kamar yadda ya koyi harshen uwarsa: ya ji, ya ji, ya kwaikwaya, karatu ya biyo baya. Iyaye a Turai na biyan kuɗi mai yawa don abin da Ɗankwanda ya yi wa ɗansa a Maradun.

Hanyar gidan gado tana da nata tsadar, kuma bai kamata a rufe ta ba. Tana cin yarinta gaba ɗaya. Yaron da ke bin kiɗa gari-gari ba ya zaman lakwal. Abin da aka samu hannun jagora yake shiga, shi ke rabawa yadda ya ga dama, na ƙasa ya yi haƙuri. Wanda ba ɗan gida ba sai ya yarda ya zama yaron gida kafin a buɗe masa. Ga kuma kallon da jama'a ke yi wa makaɗi: a yi masa kyautar doki da riga, amma in ya zo neman aure a tuna cewa maroƙi ne. Wasu malamai ma ba su taɓa sakin fuska da sana'ar ba. Shi ya sa jikokin makaɗa da yawa suka zaɓi kasuwa ko boko, kuma da wuya a ga laifinsu.

Babban rauninta shi ne komai a ka yake. Malamin piyano in ya mutu littafinsa na nan. Makaɗin kotso in ya mutu ba magaji, yadda yake aza yatsa, da yawan danƙon da yake sawa, da taken gidaje ɗari da ya haddace, duk sun bi shi. Kaset ya adana mana muryar Ɗanƙwairo, amma kaset ba ya nuna hannu.

Ya rasu a watan Satumba na 1991, yana da shekara tamanin da 'yan kai, shekara biyar kafin a yanke Zamfara daga jihar Sakkwato. Gidansa bai rufe ba. 'Ya'yan da suka yi masa amshi sun ɗauki kotsunan suka ci gaba da zuwa fadodin da ya saba zuwa, suna rera nasa suna ƙara nasu, yaransu kuma na biye da su ɗauke da kaya.