Erich Schmid: Masanin da ya gano yadda ƙarfe ke lanƙwasa

Duk mai sayar da kayan gyaran mota ko na babur, daga Titin Koudoukou da ke unguwar KM5 a Bangi har zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, ya san akwai ƙarfen da in ya lotsa za a buga shi ya miƙe, akwai kuma wani fari marar nauyi da guduma ɗaya ke tsaga shi. Wannan na biyun sau da yawa gamin magniziyam ne. Mutumin da ya buɗe ƙofar fahimtar wannan bambanci shi ne Erich Schmid.

An haife shi ne ran 4 ga Mayu, 1896, a garin Bruck an der Mur na ƙasar Ostiriya. Ya karanta kimiyyar lissafi da ta fiziks a Jami'ar Biyana, ya sami digirin dakta a 1920. A 1922 ya koma Barlin, inda shi da Michael Polanyi da Hermann Mark suka duƙufa kan wani aiki da zai ba maƙeri dariya: su ƙera siririn sandan tutiya wanda duk jikinsa ƙwaya ɗaya ce, su yi ta jan sa suna kallo.

Shi dai ƙarfe, ko da ido na ganin sa sumul, tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kuma a cikin kowace ƙwaya zarra-zarra suna jere ne hawa-hawa. Mai karatu ya ɗauki bandir ɗin sababbin takardun kuɗi. In ka danna shi daga sama, ko gezau. In ka ture shi ta gefe, sai takardun su zame kan juna. Haka ƙarfe yake lanƙwasa. A 1924 Schmid ya nuna cewa hawayen ba sa zamewa sai ƙarfin da ya faɗo daidai kan shimfiɗarsu ya kai wani mizani, wato kenan ba yawan ƙarfin kaɗai ake dubawa ba, har da ta ina ya ɓullo. Har gobe Dokar Schmid ake kiran wannan ƙa'ida.

Magniziyam, wanda ya yi nazari a kansa a wajejen 1931, shi ya fi fito da maganar fili. Ƙwayar alminiyam tana da hanyoyin zamewa goma sha biyu, ta ko'ina ka zo mata za ta ba da kai, shi ya sa tukunya ke lotsewa ba ta fashe ba. Ta magniziyam kuwa ginin kusurwa shida gare ta, kuma in babu zafi shimfiɗa ɗaya tak ke zamewa cikin sauƙi. In an matsa mata ta wata fuskar, sai wani sashenta ya juye ya zama kamar hoton ɗan'uwansa a madubi; hakan na ba ta ɗan sarari, amma bai taka kara ya karya ba. Sai zafi ya haura digiri 200 sauran hanyoyin ke buɗewa. Don haka ne masana'antu ke zuba shi a narke ko su matse shi da ɗumi, suna kuma ƙoƙarin ƙwayoyinsa su zama ƙanana, domin mai ƙananan ƙwayoyi ya fi ƙarfi da juriya.

Rashin nauyinsa ne ya sa ake haƙuri da halinsa: bai kai kashi biyu cikin uku na nauyin alminiyam ba sai da ƙyar, kwata ne kuma na baƙin ƙarfe. Gidan injin tsohuwar Volkswagen mai kama da kunkuru da shi aka zuba. Masu sayen gwangwan su lura: tsaminsa na nunawa, ɗigon binega kan wurin da aka kankare yana kumfa a magniziyam, ba ya yi a alminiyam. In ya faɗa murhun masu narka tukwane yana iya kamawa da farar wuta, kuma ruwa ƙara mata ƙarfi yake yi.

A 1932 Schmid ya zama farfesa a Fribourg ta Suwizalan. Can ne shi da Walter Boas suka kammala littafinsu kan lanƙwasar ƙwayoyin ƙarfe, wanda ya fito a 1935. Daga nan hanya ta raba su. Boas, mai asalin Yahudawa, Jamus ta Hitila ba ta zaunuwa gare shi, ya ƙare a Ostireliya a 1938. Schmid kuwa ya koma Frankfurt a 1936, ya yi shekarun yaƙi yana nema wa masana'antun Jamus madadin ƙarafan da suka yi ƙaranci. Wannan babi na rayuwarsa ba abin tinƙaho ba ne.

Ya dawo Jami'ar Biyana a 1951, daga baya ya shugabanci Majalisar Masana Kimiyya ta Ostiriya. Ya mutu a Biyana ran 22 ga Oktoba, 1983, yana da shekara 87. Cibiyar binciken ƙarafa da ke garin Leoben sunansa take amsawa.